Zane ya yi kyau a kwamfuta, amma zai ƙeru a Garwa?

Hutun da ya wuce ɗan ƙanwata ya dawo daga Ngaundare, inda yake karatun injiniya, da kwamfuta a jaka da ƙaiƙayin nuna abin da ya koyo. Sai aka yi dace gidan boris na injin niƙan maƙwabcinmu, wato ƙarfen da ke riƙe da boris ɗin da sandar injin ke juyawa a ciki, ya tsage. Dare ɗaya yaron nan ya zauna ya zana sabo, yana juya mini shi a fuskar kwamfuta, sama da ƙasa, sai ƙyalli yake yi kamar sabon kwano. Da safe muka buga zanen a takarda, muka nufi rumfar wani dattijo mai tur, injin nan da ke juya ƙarfe ana sassaƙarsa.

Dattijon ya gyara tabarau, ya daɗe yana duban takardar. Can sai ya ɗora farce a kan wani lungu da aka zana a cikin ƙarfen, mai zurfin milimita 40, kusurwoyinsa huɗu a tsaye cak kamar na akwati.

"Ɗana, nan da me kake so in shiga?"

"Baba, ai haka kwamfuta ta fitar."

"To, kwamfutar ta zo ta yanka."

Almajiransa suka kwashe da dariya, yaro ya sunkuyar da kai. Ni dai ban yi dariya ba, domin na san laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. Manhajar zane, wadda ake kira CAD, masu Faransanci kuma su ce CAO, ba ta musu da kowa. Ka zana rami mai kauri kamar gashi da zurfin kamu ɗaya, za ta karɓa. Ka zana noti a cikin ɗakin da ba shi da ƙofa, za ta yi masa launi mai kyau. Saboda wannan ne aka ƙirƙiro wata manhaja ta biyu da ke bin zane tana tambaya ɗaya: abin nan zai ƙeru kuwa, in kuma zai ƙeru, da wace irin wahala? A taƙaice ana kiran fannin DFM, wato tsara abu tun daga zane yadda ƙera shi zai zo da sauƙi.

Fannin ba sabo ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1970 Geoffrey Boothroyd ya fara bincike a Jami'ar Massachusetts da ke Amurka kan yadda siffar abu ke ƙara ko rage wahalar haɗa shi, daga baya shi da Peter Dewhurst suka mai da binciken manhaja, suka kafa kamfani a 1983, har gwamnatin Amurka ta ba su lambar yabo ta fasaha a 1991. Littattafan injiniya suna yawan maimaita cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na kuɗin da za a kashe wajen ƙera abu, a kan teburin zane ake yanke shi. Mai tur bai san wannan adadi ba, amma ya san ma'anarsa: in takarda ta riga ta iso hannunsa, an makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda manhajar ke aiki ba sihiri a ciki. Zanen CAD na gaske ba hoto ba ne, lissafi ne na fuskoki da gefuna: wannan fuska shimfiɗaɗɗiya ce, waccan zagayayyiya ce mai faɗin milimita 52. Manhajar tana bin fuskokin nan tana gane su, ta ce wannan rami ne, wannan lungu ne, wannan lanƙwasa ce. Daga nan sai ta auna kowanne, ta gwada shi da jerin ƙa'idojin da aka ba ta. Wanda ya saɓa sai ta shafa masa ja. Shi ya sa nau'in fayil yake da muhimmanci tun farko. Fayil ɗin STEP yana riƙe da wancan lissafi, rami yana nan a matsayin rami. Fayil ɗin STL kuwa ya farfasa komai zuwa ƙananan alwatika, dubbai, babu sauran da'ira ta gaske a ciki. STL na injin buga abu mai siffa uku ne, wato firintar 3D. In za ka aika wa wani zane don ya duba ko ya sassaƙa, STEP za ka ba shi.

Da muka koma gida na ce wa yaron ya buɗe DFMXpress, manhajar duba zane wadda ke zuwa a cikin manhajar zane ta SolidWorks, sai dai a kunna ta da lambar da mai lasisi ke samu. Tana tambayar hanyar da za a bi a ƙera abin: sassaƙa da huji, ko tur, ko lanƙwasa farantin ƙarfe, ko zubin roba. Ya zaɓi ta farko ya danna. Cikin ɗan lokaci kaɗan ta jero masa abubuwa, na farkonsu kuwa daidai wurin da dattijo ya ɗora farce.

Ya kamata a tsaya a kan wannan kusurwa, domin wanda ya fahimce ta ya fahimci rabin fannin. Injin da ke sassaƙa lungu a cikin ƙarfe, wanda a nan ake kira firezas, da ƙarfe zagayayye yake yanka, yana juyawa. Abu mai zagaye ba zai taɓa barin kusurwa mai kaifi a ciki ba. Wuƙa mai kaurin milimita 6 za ta bar lanƙwasa ta milimita 3 a kowane lungu, ko wane gwani ne ke riƙe da injin. In ka matsa kana son lanƙwasar ta zama milimita 1, dole a nemo wuƙa mai kaurin milimita 2, a kuma zura ta zurfin milimita 40, wato ninki 20 na kaurinta. A nan ne lissafi ke nuna mugun halinsa. In ka ninka tsawon wuƙar da ke leƙowa sau biyu, lanƙwashewarta ba sau biyu take ƙaruwa ba, sau 8 ne. In ka rage kaurinta da rabi, ta ƙara laushi sau 16. Sai ta fara karkarwa, ta yi ƙara, ta ɓata fuskar aikin, daga ƙarshe ta karye, kuma wuƙar da ta karye a Garwa ba lallai a sami madadinta a ranar ba. Maganin bai fi minti ɗaya ba a kwamfuta: a ba kusurwar lanƙwasa ta milimita 5, wuƙa mai milimita 8 ta wuce salin-alin. In kuwa wani abu mai kusurwa ne zai zauna a lungun dole, sai a huda ƙaramin rami a kowace kusurwa don bakinsa ya sami wurin shiga.

Ramuka ma haka. Yaron ya zana ramukan noti da gindi a shafe kamar na kofi, alhali ƙarfen huji bakinsa tsini ne, galibi mai kusurwar digiri 118, don haka gindin ramin da ya bari kamar mazurari yake. Shafe shi aiki ne na biyu da wata wuƙa daban, kuma babu abin da zai ƙara wa notin. Ramin da zurfinsa ya wuce ninki 3 ko 4 na faɗinsa, manhajoji da yawa sukan fara gargaɗi a kansa, saboda ɓarɓashin ƙarfe yana cushewa, dole a riƙa ciro bakin hujin ana mayarwa. Ta kuma kama wani rami da aka fara a kan fuska mai gangara, inda bakin huji zai zame ya bar wurin da aka nufa.

To, zuwa nan sai mutum ya ɗauka manhaja ta gama aiki. A nan ne kuma na ga mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe. Ƙa'idojin da manhajar ta zo da su daga kamfani, na masana'antar da ke da injina masu sarrafa kansu ne, da akwatin wuƙaƙe cike, da dillalin ƙarfe da ake kira ya kawo kafin la'asar. Ba ta taɓa shiga rumfar dattijon nan ba. Za ta iya ba ka kore a kan abin da ba wanda zai iya yi maka daga Garwa har Kuseri, ta kuma ba ka ja a kan abin da almajiri ɗan shekara biyu a aiki zai gama da magagari kafin shayi ya huce. Saboda haka ni a ganina matakin farko ba a kwamfuta yake ba. Ka ɗauki littafi da biro ka je wurin wanda zai yi aikin, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka nemi ya nuna maka kayansa. Waɗanne bakunan huji yake da su? Iyakar faɗin ƙarfen da tur ɗinsa ke kamawa nawa ne, tsawon fa? Wace wuƙa ce mafi ƙanƙanta a firezas ɗinsa? Da me yake awo? Duk manhajar kirki tana da wurin da ake canza adadin ƙa'idoji da jerin girman ramuka. Abin da ka rubuto shi za ka zuba a wurin. Daga ranar, ja da koren da take nunawa sun fara magana a kan garinku.

Misali ƙarami. Yaron ya sa rami mai faɗin milimita 7.3 a wani wuri, don kawai lissafi ya ba shi haka. Babu mai bakin huji na 7.3 a layin nan gaba ɗaya. Amma 5 da 6.8 da 8.5 mai tur na kirki yana da su, domin su ake hudawa kafin a yanka haƙoran noti na M6 da M8 da M10, wato masu kaurin milimita 6 da 8 da 10. Ga kuma rikicin inci da milimita da muke fama da shi: kayan famfo da bututun ban ruwa haƙoransu na inci ne, rabin inci shi ne wanda a shago ake ce wa 15/21, kashi uku cikin huɗu na inci kuma 20/27. Wanda ke zana mahaɗin injin ban ruwa don masu albasa a bakin Binuwai, in bai sa wannan a jerin ba, manhaja za ta bar shi ya zana haƙoran da ba za su taɓa shiga bututu ba.

Sai maganar da ta fi cin kuɗi, wato sassaucin awo, iyakar kuskuren da aka yarda a yi a kowane ma'auni. Ɗan ƙanwata ya bi kowane layi a zanensa ya rubuta 0.01, yana ganin hakan shi ne ƙwarewa. Gashin kan mutum kaurinsa wajen milimita 0.07 ne. Wato ya nemi dattijo ya yi masa aikin da kuskurensa bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai na gashi ba, har a fuskar da ba abin da zai taɓa ta sai ƙurar gari. Ma'aunin zamiya da mafi yawan masu tur ke riƙewa, piye-a-kulis, iyakarsa 0.02 ko 0.05. Abin da ba za a iya aunawa ba, yaya za a yi alkawarinsa? A duk gidan boris ɗin nan wuri ɗaya ne tak ke bukatar tsanani: ramin da boris zai zauna. Boris mai lamba 6205 faɗinsa na waje milimita 52 ne, raminsa 25, kaurinsa 15. In aka zaɓi ajin sassaucin da ake kira H7, ramin gidan zai kasance tsakanin 52 daidai da 52.030. Sauran ma'aunai kuwa layi ɗaya a ƙasan takarda ya wadatar, a rubuta cewa a bi matsakaicin aji na ƙa'idar awo ta duniya ISO 2768, wanda ya yarda da kuskuren 0.2 ga tsawon da ke tsakanin milimita 6 da 30, da 0.3 ga wanda ke tsakanin 30 da 120. Manhaja za ta iya gaya maka cewa ka tsananta da yawa, amma ba ta san wace fuska ce ke ɗauke da kaya ba. Wannan kai ne ka sani.

Akwai wani abu da zafin garinmu ke ƙarawa, wanda ban taɓa ganin manhajar duba zane ta ambata ba. Duk ma'aunin da ke kan takardar injiniya, a bisa ƙa'idar duniya, a zafin digiri 20 ake nufi. A watan Maris da Afrilu Garwa tana haura 40. Ramin milimita 52 a jikin alminiyom, in zafi ya kai digiri 42, yana buɗewa da kimanin 0.026, boris na ƙarfe kuwa da kimanin rabin haka. Ga wanda duk sassaucinsa 0.030 ne, wannan ba abin rainawa ba ne. Balle aikin da aka sauko da shi daga tur yanzu-yanzu yana ƙuna. Dattijon yana ajiye aiki a inuwa ya tafi salla, in ya dawo sannan ya auna. Bai karanta ISO ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Haka ma nau'in ƙarfe. Manhaja tana tambaya, kai kuma ka zaɓi ƙarfe mai laushi daga jerinta. Amma sabon ƙarfe daga Duwala yake tasowa, ya hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundare, sannan ya gangaro mana, ko kuma ya shigo ta Najeriya, kuɗinsa na hawa a kowane zango. Don haka sandar da za a ɗora maka a tur sau da yawa tsohon aksul na mota ne daga wurin masu gwangwan, ƙarfe mai tauri da ke cin wuƙa. Gara ka tambayi abin da ke ƙasa tukuna, ka yi zane daidai da shi. In sandar da ake samu mai milimita 30 ce, kada ka zana abu mai 32.

Inda na fi saɓawa da littafi shi ne maganar rage yawan sassa. Hanyar su Boothroyd tana tambayar kowane sashe abu uku: yana motsi dabam da na kusa da shi? Dole ne a yi shi da wani nau'in abu dabam? Dole ne ya rabu don a iya haɗawa ko kwancewa? In duka amsoshin a'a ne, sai a haɗe shi da maƙwabcinsa su zama ɗaya. Wannan daidai ne a ƙasar da ladan ma'aikaci ya fi komai tsada. A wurinmu lissafin yakan juye. Dunƙulen ƙarfe babba da awannin firezas su ne masu tsada, mai walda kuwa yana kowane lungu. Gidan boris ɗin nan, maimakon a sassaƙo shi daga dunƙule guda, sai a yanko guntun bututu mai kauri, a yi masa walda a kan faranti, sannan a ɗora a tur a gyara ramin. Sharaɗin dai a yi walda tukuna kafin a gyara ramin, domin zafin walda yana murɗe ƙarfe, ramin da ke da'ira ya koma kamar ƙwai. Babu manhajar da za ta kawo maka wannan shawara, tunda ita abin da ka zana kawai take dubawa.

Ba masu tur kaɗai abin ya shafa ba. Masu zubin tukwanen alminiyom a cikin yashi sun daɗe da sanin cewa samfurin da bangonsa ke tsaye cak ba ya fita daga yashi sai ya rushe shi. Manhajoji irin su Fusion da SolidWorks suna da abin duba wannan: ka nuna musu ta inda za a zaro samfurin, su shafa wa kowace fuska launi gwargwadon karkatarta. Digiri 1 zuwa 3 ake ba wa. Sannan alminiyom yana tsukewa da kimanin kashi 1.3 cikin 100 in ya huce, don haka fuli mai milimita 200 samfurinsa sai ya kai wajen 202.6. Wanda zai buga samfurin da injin buga abu mai siffa uku, manhajar shirya bugu irin su Cura ko PrusaSlicer za ta nuna masa duk inda rataye ya wuce digiri 45 yana bukatar tallafi. Sai dai ya kiyaye, robar PLA tana fara laushi tun wajen digiri 60, kada ya bar ta a cikin mota a rana. Masu lanƙwasa tol, wato farantin ƙarfe, kuwa ƙa'idarsu gajeriya ce: lanƙwasar ciki kada ta gaza kaurin farantin, rami kuma ya nisanci lanƙwasa da kamar ninki biyu da rabi na kaurin, a ƙara da girman lanƙwasar cikin, in ba haka ba zai miƙe ya ɓaci.

Da wace manhaja za a fara? Ya danganta da aljihu da wuta da intanet. DFMPro da aPriori na manyan kamfanoni ne, ba nan ɗalibi zai fara ba. Onshape a cikin burauza take aiki, ba ta bukatar kwamfuta mai ƙarfi, amma in intanet ya yanke aiki ya tsaya, kuma a tsarinta na kyauta zanenka a buɗe yake ga kowa. FreeCAD kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, tana da Faransanci, sigarta ta 1.0 ta fito a watan Nuwamba na 2024. Ba ta zo da maɓalli guda da zai jero maka kurakurai ba, amma tana da jadawalin ramukan noti na ISO, tana kwaikwayon tafiyar wuƙa a kan aiki, ana kuma ƙara mata sashen da ke warware lanƙwasasshen faranti. Akwai kuma wata dabara da nake so. Kamfanoni irin su Protolabs da Xometry suna karɓar fayil ɗin STEP a shafinsu, su mayar maka da gargaɗi da farashi. Ba sai ka saya ba, farashin ma ba na kasuwarmu ba ne. Ka dai canza abu guda, misali ka faɗaɗa lanƙwasar kusurwa, ka sake ɗorawa, ka ga inda kuɗin ya nufa. Yini ɗaya a haka ya fi mako guda na karatu. Amma zanen da ke da sirrin wani, kada ka ɗora shi a shafin kowa sai da izininsa.

Bayan kwana biyu muka koma da sabuwar takarda: bututu da faranti, ramuka huɗu na milimita 8.5 da 10, ma'auni ɗaya tak mai tsanani. Dattijon ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce wannan kam zai yi. Sannan ya miƙa hannu ƙarƙashin benci ya jawo wani gidan boris na kanti, irin wanda ake kira UCP205, mai ramin milimita 25, da boris ɗinsa a ciki, da ƙafafunsa biyu na ɗaurewa. Ya ce in an ɗan matsar da ramukan da ke jikin injin, wannan zai zauna, kuma ana sayar da shi a kasuwa ƙasa da kuɗin aikinsa.

"Kawu," in ji yaron da muka fito, "ashe da ma ba sai na zana komai ba?"

Na ce a'a, farantin da zai zauna a kai har yanzu yana jiran mai zana shi, kuma maƙwabcinmu kwana uku ke nan bai yi niƙa ba.